Ƙwayar Ƙiba da Shayin Rama: Abin da ke Cin Ƴan Matanmu a Ɓoye

A wannan fitowa filin lafiya da noma ya yada zango a unguwar Talladje, cikin gunduma ta 4 ta birnin Yamai, kan hanyar zuwa filin jirgin sama na Diori Hamani. Wani ɗan katin magani ne ya kai mu can.

Wata rana da marece, bayan an tashi daga ajin yaƙi da jahilci, mata sun watse, sai wata uwa ta tsaya. Ta kwance bakin zanenta, ta fiddo katin ƙwayoyi, ta miƙa wa malamar aji. Ta ce: "Malama, na tsinci wannan ƙarƙashin tabarmar ɗiyata. Na karanta baƙi na farko da na biyu, na ukun ya gagare ni." Ba laifinta ba ne. Harafin nan na uku babu shi cikin baƙaƙen Hausa. Abin da aka rubuta bisa katin shi ne DEXAMETHASONE.

Ɗiyar tata shekarunta 15, tana kwaleji. Cikin wata huɗu fuskarta ta cika, ta yi zagaye kamar faifai. Maƙwabta suna ta yi wa uwar barka, suna cewa yarinya ta murje, ta yi kyau. Uwar kuwa hankalinta bai kwanta ba, domin ita ke kwana ɗaki ɗaya da yarinyar. Ta ga ba ta barci. Ta ga tana kuka ba wanda ya taɓa ta. Tana yawan jin ƙishirwa, kuma al'adarta ta ɗauke wata biyu. Uwar ta fara zargin ciki, daga baya ta ce ko iska ce. Ashe abin yana ƙarƙashin tabarma.

Ƙiba abar so ce tun kaka da kakanni

Kafin mu ga laifin yarinyar, mu dubi gidan da ta tashi. A ƙasarmu mace mai jiki ita ce abar yabo. In amarya ta yi ƙiba, sai a ce mijinta ya iya riƙo. In ta rame, dangi su fara tambaya ko lafiya. Wannan ra'ayi yana da tushe. Mutanen da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san rama alama ce ta wahala, ƙiba kuwa shaida ce cewa akwai hatsi a rumbu.

A wajen ƴan uwanmu Zabarmawa akwai al'adar da suke kira hangandi, inda mace take dagewa da ci da sha domin ta yi jiki, musamman lokacin jego. A wajen Larabawan Azawak, arewacin jihar Tawa, ana fara ɗura wa yarinya nono da kunu tun sa'ad da ta fara famfara. Wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta zauna cikinsu, ta rubuta littafi kan haka a shekara ta 2004. Makamancin wannan yana nan a ƙasar Muritaniya.

To, amma su mutanen da, da gero da nono suke yi. Abin da ya canza shi ne shigowar ƙwaya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Magani ya yi tsada a farmasi, masu tallar magani a faranti da kwali suka yawaita a tituna da tashoshi da kasuwanni. A shekara ta 2001 wata jaridar Amurka, New York Times, ta ba da labarin matan Maraɗi da ke shan ƙwayoyin ƙiba, har da magungunan da aka yi domin dabbobi. Ƴan matan wancan lokaci su ne iyayen ƴan matan yau. Abin da babba ya yi a fili, yaro zai yi shi a ɓoye.

Mene ne cikin katin?

Ƙwayoyin ƙiba da aka fi sha iri biyu ne. Ku da kuka koyi karatu, ku riƙe sunayensu da kyau, domin ku gane su in kun gan su a gida.

Na farko shi ne mai buɗe ciki. Bisa kati ko kwalba ana rubuta CYPROHEPTADINE. Yana zuwa da sunaye kamar Periactin, Super Apeti da Apetamin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana sa yunwa, yana kuma sa barci da kasala. Ƴar lekwal da ke shan shi za ta yi ta gyangyaɗi a aji, malami ya ɗauka lalaci ne.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne wanda uwar nan ta tsinta. Ana kiransa dezametazon. Yana da ƴan uwa: PREDNISOLONE da BETAMETHASONE. Sau da yawa masu talla suna haɗa iri biyun nan cikin ƙulli ɗaya. A arewacin Najeriya har suna aka sa wa irin wannan haɗi, wai sha-ka-fashe. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Dezametazon magani ne mai daraja a hannun likita. Ana ba da shi ga mai asma, da mai kumburi mai tsanani. A shekara ta 2020 ya ceci rayukan mutane da yawa da cutar korona ta kwantar. Amma likita yana auna shi, yana kuma ƙayyade kwanakinsa. Mai faranti ba ya tambayar shekarun yarinya, kuɗinta kawai yake duba.

Ga yadda yake aiki in an daɗe ana sha. Yana tsare gishiri da ruwa cikin jiki, sai mutum ya kumbura. Yana kwashe kitse ya tara shi a fuska, da ƙeya, da ciki. Yana cinye tsokar hannu da ta ƙafa, sai su sirance. Shi ya sa za ku ga yarinya fuska cike, ciki gaba, amma ƙafafu kamar sillen kara. Fata tana yin laushi, nankarwa mai duhu ta fito a ciki da cinya, ƙuraje su feso a fuska, wani lokaci har gashi ya tsiro a haɓa.

Wannan shi ne abin da ido ke gani. Na ciki ya fi yawa. Maganin yana kawo hawan jini da ciwon sukari. Yana iya kawo gyambon ciki. Yana raunana ƙashi, yana tsayar da tsawon yaron da bai gama girma ba. Yana karya garkuwar jiki, har ƙaramin miki ya ƙi warkewa, tarin fuka da ke kwance ya tashi. Yana rikita al'adar mata. Yana kuma taɓa tunani: rashin barci, saurin fushi, baƙin ciki maras dalili, wani lokaci har mutum ya riƙa sambatu. Gidaje nawa aka kashe kuɗi wajen neman maganin iska, alhali ƙwaya ce ke aikinta?

Manoma da makiyaya za su fi kowa gane wannan magana. Wanda ya taɓa turka rago domin Layya ya san jikin kirki ba ya samuwa cikin mako biyu. Sai an yi wata uku ko huɗu ana ba shi harawa da dusa da kowar wake, ana ba shi ruwa mai tsabta, an kuma ba shi maganin tsutsa. Ya san kuma akwai ragon da ake cika wa ciki da ruwa da gishiri ranar kasuwa. Mai saye in ya ƙware, yana taɓa gadon baya ya gane. Ƙibar ƙwaya irin ta ragon ranar kasuwa ce. Abin baƙin ciki, mutumin da ba zai yarda a cuce shi a kasuwar dabbobi ba, shi ne zai dubi ɗiyarsa ta kumbura ya ce ta yi kyau.

Kada a jefar da ƙwayar rana ɗaya

Da malama ta yi wa uwar nan bayani, sai ta miƙe a fusace. Ta ce yau ɗin nan za ta zuba sauran cikin masai. Malama ta riƙe hannunta, ta ce: "Inna, ki dakata. Gobe da safe ki ɗauki yarinyar da katin, ku tafi likita."

Malama ta yi gaskiya, kuma wannan ita ce maganar da muka fi so ku riƙe. Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar ƙaramar tsoka. Aikinta shi ne ta riƙa fitar da wani sinadari mai riƙe ƙarfin jini da kuzarin jiki. Dezametazon kwaikwayon wannan sinadari ne. In mutum ya yi makonni yana sha, sai tsokokin nan biyu su ga an karɓe musu aiki, su kwanta. In aka tsayar da ƙwayar farat ɗaya, ba sa farkawa nan da nan. Sai jini ya faɗi, amai da jiri su zo, mutum ya suma. Ana mutuwa a haka. Saboda haka likita ne zai riƙa rage yawan maganin kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, har jiki ya koma aikinsa.

Ku tafi da katin ko kwalbar. Ku faɗi gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ana sha. Ku roƙa a auna jini da sukari. Unguwar Talladje tana da gidan likita, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba.

Masu gudun abinci

Yanzu kuma wata iska ta taso daga wani gefen. Tun da wayar salula ta shiga hannun yara, ƴan mata suna kallon hotuna a Facebook da TikTok da Instagram dare da rana. Matan da suke gani can masu shafaffen ciki ne da siririn ƙugu. Da yawa daga hotunan nan gyara su aka yi da na'ura. A ƙasar Faransa, tun shekara ta 2017 doka ta tilasta a rubuta bisa hoton talla cewa an gyara shi, in an rage ko an ƙara jikin mai hoton. Ɗiyarmu ta Talladje ba ta san da haka ba. Tana auna kanta da jikin da babu shi a duniya.

Sai yarinya ta shiga tsaka mai wuya. A gida kaka tana cewa ta ci ta yi jiki. A waya ana nuna mata ta rame. Wasu ma so suke su haɗa biyun, a cika sama da ƙasa, a matse tsakiya. Akwai mai shan ƙwayar ƙiba da dare, ta sha shayin rama da safe.

Shayin raman nan, da yawansa ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani maganin wanke ciki ne. Ba ya narkar da kitse. Zawo yake sawa, ruwan jiki ya tsiyaye, sikeli ya nuna an ragu. In aka daɗe ana sha, hanji ya saba, bayan gida ya gagara sai da shi.

Gudun abinci yana iya zama cuta sosai, kuma likitoci sun san ta. Iri ɗaya shi ne yarinya ta riƙa ƙin ci saboda tsoron ƙiba, har ƙasusuwanta su fito, amma in ta dubi madubi sai ta ga kamar tana da teɓa. Likitoci suna kiran wannan anoreksiya. Wani irin shi ne ta ci da yawa a ɓoye, kunya da nadama su kama ta, ta sa yatsa a maƙogwaro ta amayar. Wannan shi ne bulimiya. Yawan amai yana cinye haƙora, yana kuma zubar da gishirin da zuciya ke bukata domin ta buga daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2019 mutum miliyon 14 ke fama da irin waɗannan cututtuka na cin abinci, kusan miliyon 3 daga cikinsu yara ne da matasa.

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne, ciwon waɗanda suka ƙoshi. Mu saurari labarin tsibirin Fiji. Mutanen can, kamar mu, masu son mace mai jiki ne. A shekara ta 1995 talabijin ta isa wani yankinsu. Wata likita, Anne Becker, ta tambayi ƴan matan makaranta a lokacin, ba ta samu ko ɗaya da ke yin amai da gangan domin ta rame ba. Bayan shekara uku, a 1998, aka sake tambaya. Sai aka samu 11 cikin 100 suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ce, wadda ake kallo a tsakar gida tare da iyaye. Ina ga wayar da yarinya ke shiga da ita cikin gidan sauro?

Ga abin da uwa za ta lura da shi. Yarinya ta daina zama bakin kwano tare da ƴan uwanta, kullum ta ce ta ci a waje. Tana tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci. Tana yawan cewa azumin nafila take, fiye da yadda aka san ta. Tana jin sanyi ana tsakar zafi, gashinta yana zuba, al'adarta ta ɗauke. Ta janye daga ƙawaye, ta daina dariya.

Samari ma ba su tsira ba. Wasu suna sayen ƙwayoyi da gari domin su yi ƙwanji irin na ƴan kokowa. Sai dai su ba a cika yi musu ba'a a kan jiki kamar yadda ake yi wa mata ba.

Bakinmu ma yana da laifi

Mun tambayi uwar nan ko ta san abin da ya tura ɗiyarta. Ta yi shiru, sannan ta ce tun yarinyar tana ƙarama ake kiranta Tsinke. Kaka ce ta fara, taubasai suka ɗauka, har ƴan lekwal suka ji. A wani biki wata goggo ta dube ta gaban jama'a, ta ce wa zai auri wannan, ko zane ba ya zama a ƙugunta. Kowa ya yi dariya. Bayan mako ɗaya yarinyar ta fara ajiye kuɗin karin kumallonta tana kai wa mai faranti.

Wasan taubashi da na kaka da jika abin alfaharinmu ne. Har hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin kayan gadon duniya a shekara ta 2014. Amma wasa yana da iyaka. Yarinya mai shekara 13 ko 15 jikinta yana canzawa, ita kanta ba ta gama sabawa da shi ba. Kalmar da babba ya faɗa ya manta, ita takan kwana da ita shekaru. Haka mai jiki da ake kira Randa ko Buhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata damuwa ta tunani. A gidan da ke da yara da yawa, wannan lissafi bai yi nisa da kowa ba.

Akwai kuma maganar aure. Binciken da aka yi a ƙasarmu a shekara ta 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Inda ake auna isa aure da cikar jiki, dole yarinya siririya ta ga an bar ta baya. To, cikar fuska daban, ƙwarin ƙashi daban. Ƙashin ƙugu, wanda ɗa zai bi ya fito, yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara al'ada. Ƙwaya ba ta gaggauta shi.

In yarinya ta rame da gaske

Yawancin ƴan mata tsawo suke fara yi, jiki ya biyo baya. Cikin shekarun balaga mutum yake samun kusan rabin nauyin da zai yi in ya girma. Wata kuma siririya ce ta gado, ku dubi uwarta da goggonninta. Irin wannan ba ta bukatar komai sai abinci da haƙuri.

Amma in rama ta zo da kasala, ko tari, ko zazzaɓi, ko farin ido, to akwai dalili, a neme shi. Tsutsar ciki tana ramar da yaro. Haka tsargiya, wadda ke kama masu wanka da wanki a bakin kogin Isa da cikin fadamun shinkafa irin na Saga. Haka zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, da tarin fuka, da ciwon emasi, wanda yake da cibiyarsa ta musamman a nan Yamai. Ƙarancin jini ya yi yawa ga ƴan mata saboda jinin al'ada. Duk waɗannan ana gane su da awo. In aka rufe su da ƙwayar ƙiba, cutar tana nan tana ci ƙarƙashin kumburi.

Abincin gina jiki kuwa yana kusa da mu. Fura da nono. Wake da shinkafa da ɗan mai. Dambu da zogala, ko kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Gujiya, riɗi, ƙwai, kifi, hanta in hali ya yi. Wake da ganye da hanta suna ƙara jini. Tumatir, lemu, goba ko mangwaro tare da abinci suna taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke ciki. Shayi mai ƙarfi nan take bayan ci yana hana shi, a jinkirta shi awa ɗaya ko biyu. Wanda ke da ɗan fili a tsakar gida ya dasa zogala biyu ko uku inda ruwan wanke-wanke maras sabulu ke zuba. Cikin ƴan watanni za a fara tsinka. Mu kuma lura da rabon kwano. A gidaje da yawa ƴan mata su ke daka, su ke girki, su ne kuma na ƙarshen ci.

Ita kuwa mai gudun abinci, duka da zagi da ɗura ba sa warkar da ita, sai dai su koya mata ɓoyo. A zauna da ita a keɓe, a tambaye ta abin da ke damunta, a bar ta ta gama magana. In ɗiyar fari ce, kunya ta hana uwa, to a sa ƙanwar uwa ko yayar da ta yarda da ita. Daga nan a kai ta likita. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu kula da lafiyar tunani, wanda jama'a suka sani da sunan Pavillon E. Mutane suna gudunsa, suna cewa wurin mahaukata ne. Likitocin can suna duba mai damuwa da mai rashin barci da mai tsoro, su yi magana da shi, ya koma gida ranar nan. In yarinya ta suma, ko ta ce ta gaji da rayuwa, wannan ba maganar jiran gobe ba ce.

Mun koma Talladje bayan wata uku. Uwar nan ta kai ɗiyarta likita kamar yadda malama ta ce. An tarar jininta ya hau. An yi ta rage mata ƙwayar har aka daina. Al'adarta ta dawo, tana barci. Nankarwar cinya dai tana nan, an ce mata za ta dushe amma ba za ta ɓace duka ba. Uwar ta je ta sami kaka da goggo, ta roƙe su a bar sunan Tsinke. Kaka ta ji haushi kwana biyu, daga baya ta haƙura.

Fuskar yarinyar ta saɓe, ta koma yadda take. Maƙwabtan da suka yi barka a da, yanzu suna tare uwar a bakin famfo, suna cewa: "Maman yara, me ya samu ɗiyarki ta zube haka?" Ita kuwa sai ta ɗora bokitinta a ka, ta ce musu: "Lafiyarta lau. Tsawo take yi."